Hular Baba a Hannun Makaɗi

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina cike yake. Wadda ta rubuto min wancan karon cewa wai na cika rawar kai, na gani, kuma ban musa ba. Sai dai ki bari ki ji abin da ya faru a falonmu ranar Asabar, sannan ki faɗa min ko ke za ki iya zama wuri ɗaya.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, sunana Khairiyya, autar Malam Almustafa mai walda da Inna Delou. Iyayena mutanen Damagaram ne, amma ni a nan Riyad na buɗe ido, a Manfuha, a shagga, wato gidan haya, da ke saman baƙala, kantin kayan masarufi na wani ɗan Yaman. Ina aiki a shagon tabarau a Ulaya. Baba ya gaji da ƙarfe, ya ce bayan Babbar Salla zai tattara ya koma gida gaba ɗaya. Ya kuma faɗa da bakinsa, muna tsakiyar cin tuwo, cewa ba zai bar budurwa ita kaɗai a garin mutane ba. Ko in yi aure kafin lokacin, ko in ɗaure akwatina. Ni kuwa sau biyu na taɓa ganin Damagaram, kuma duka biyun da zazzaɓi na dawo.

Ba wai na rasa wanda nake so ba. Ina da shi, sunansa Shakir, iyayensa mutanen Maraɗi, shi ma tashin nan ne. Ya zo shagonmu da tabarau a karye gida biyu, na tambaye shi garin yaya, ya ce shi ya taka abinsa yana cikin aiki. Na ce wane irin aiki ne mutum ke taka idonsa? Ya yi dariya, ni ma na yi, daga nan aka fara.

Aikin nasa biyu ne. Da rana yana haɗa lasifika a ɗakunan taro na wani kamfani, kuma wannan shi na gaya wa Baba. Na biyun shi ne inda gizo ke saƙa. Shakir makaɗi ne. Yana kaɗa bas, wato gita mai igiya huɗu wadda ba a kunne ake jin ta ba, a ciki ake ji. Irin kiɗan nasu ana ce masa metal. In ba ku taɓa ji ba, ku ɗauka an kunna injin niƙa uku a ɗaki ɗaya, wani kuma na ihu a kansu, amma da tsari.

Su huɗu ne, kuma kowannensu ya riga ya yi suna a wata ƙungiya kafin su haɗu: mai waƙar ɗan Sudan, mai gita ɗan Jidda, mai ganguna ɗan Filifin, sai nawa. Masu son irin kiɗan nan da suka ji an haɗa gwanaye wuri ɗaya har rasa barci suka yi. Sunan ƙungiyar Sada'ul Hadid, tsatsar ƙarfe ke nan. Albam ɗinsu na farko gudu ne zalla, kamar an biyo ɓarawo. Na biyun kuwa, wanda ya fito ranar Alhamis ɗin da ta wuce, sun sa masa suna Wahal, wato taɓo, kuma sunan ya bi jiki. Komai a hankali yake tafiya, da nauyi, kamar motar yashi ta maƙale tana nishi. Shakir ya ce sun jiƙa shi da buluz ne, tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka mai jan rai. Da farko na ce masa wannan ai ciwon kai ne. Yanzu kullum da shi nake shiga jirgin metro, kuma akwai waƙar da in ta zo sai in juya fuska ga taga don kada a ga idona.

To a wurin Baba, duk wanda ya rataya abin kiɗa maroƙi ne, ko da a jirgin sama yake yawo. Ba ya ƙin su. In an haɗu a biki shi ne kan gaba wajen yi musu kyauta. Amma tun ina ƙarama nake jin yana cewa mutum ba ya ba maroƙinsa ɗiya.

Da Baba ya ce Shakir ya zo ya gan shi ranar Asabar bayan la'asar, sai na kama waya.

Na rubuta: "Farin tob. Turare kaɗan. Hula." Tob ita ce doguwar jallabiyar da mazan nan ke sawa.

Ya ce: "Hula ba ta zama a kaina, kin fi kowa sani."

Na ce: "To ka rage gashin."

Ya ce: "Tun ina sakandare nake kiwonsa, Khairiyya. Alhamis mai zuwa muna da wasan ƙaddamar da albam. So kike in hau dandamali kamar ɗan firamare?"

Gashin nan, jama'a, tuli ne guda. In ya kwance shi har kafaɗa yake sauka, in yana kiɗa kuma da shi yake rabin aikin. A bangon albam ɗin ma gashin aka fi gani, fuskar sai an nema.

Na ce: "Khalas, shi ke nan, bar gashin. Amma don Allah kada ka ambaci gita."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi: "In bai tambaya ba, ba zan fara ba. In ya tambaya zan faɗa. Ba zan shiga gidanku da rabin gaskiya ba."

Na ji haushi, na kuma ji na ƙara son sa. Duka biyun lokaci ɗaya, har na rasa wanne zan fara aika masa.

Ranar Asabar tun hantsi Inna ta tashe ni aiki. Muka kakkaɓe kushin ɗin majalisa, muka shimfiɗa jar dardumar da sai baƙi ake fito da ita, Inna ta dama fura, ta buɗe kilishin da aka aiko mana daga gida wanda ko ƙamshinsa ba ta bari mu ji. Ta hura garwashi a ƙaramin kasko ta ajiye a kusurwar falo, ta zuba turaren wuta. Ni na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai ƙananan duwatsu, na canza ɗan kunne har Inna ta ce in na sake taɓa kunnen nan za ta cire min shi. Baba ya sa shaddarsa ruwan toka, ya ɗora hularsa kube ɗinkin hannu, wadda ba ta fita sai Juma'a da Salla.

Shakir ya zo a kan lokaci, da kwalin dabino a hannu. Ya ɗaure gashin ta baya iya ƙoƙarinsa, amma abin da Allah ya yi da yawa ba ya ɓoyuwa. Ni da Inna muna bayan labulen da ya raba falo da hanyar kicin, ita ta kama gefe ɗaya, ni ɗaya. Na ga Baba ya kalli kan, ya kalli tob ɗin, ya sake kallon kan.

Suka gaisa, ya durƙusa har ƙasa, Hausarsa ta fita tas ba gargada. Na ce a raina, yawwa, ɗaya ta wuce.

"Ɗan wa ne kai a Maraɗi?"

"Mahaifina Dawuda, Allah ya ji ƙansa. Kakana Ɗan'azumi. A nan kuma ina hannun kawuna Laouali, a Ulaisha."

"Ɗan'azumi suna da yawa," in ji Baba. "An ce lasifika kake haɗawa."

"Eh, Baba."

"Shi ke nan sana'ar?"

Na damƙe labule. Inna ta buge min hannu don kada in tsinke shi.

"A'a, Baba. Ina kiɗa."

Baba bai ɗaga murya ba, kuma ni na fi tsoron sa in bai ɗaga ba. Ya miƙa hannu ya jawo 'yar lasifikar da yake jin rediyo da ita, ya tura gaban Shakir.

"Kunna mu ji."

Shakir ya haɗa wayarsa, ya sa waƙar farko. Gita ta yi wani irin gurnani mai tsawo, kofunan gahwa suka fara rawa a kan tire. Inna ta saki labule ta nufi banɗaki da sauri, wai injin wanki ne ya kama da wuta. Baba ya saurara da haƙuri irin na mutumin da ake cire wa haƙori, sannan ya ce:

"Wannan an fara ne, ko gyara ake?"

"An fara, Baba."

Na ga aurena yana tafiya a ƙafa. Na suri tiren fura na shiga, na durƙusa na ajiye, na ce wa Shakir ƙasa-ƙasa ba tare da na kalle shi ba: "Ta uku." Ita ce wadda nake ji a metro. Na zaɓe ta ne don ta fi sauran sanyi, babu ihu a farkonta. Iyakar hikimata ke nan, wallahi ban san komai bayan haka ba.

Na koma bayan labule, waƙa ta uku ta fara. Bas ɗin Shakir ne shi kaɗai, yana tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai wata tsohuwar ganga ta shigo daga ƙasa, da shuuu irin na tsohon kaset, ana kuma buga wani ƙarfe siriri a gefe. Shakir ya taɓa gaya min cewa daga kaset ɗin kakansa ya ɗauko, wanda mahaifiyarsa ta zo da shi cikin kayanta. Ya rage masa gudu, su huɗun suka gina waƙar a kai. Ni dai na ce Allah sarki, na wuce.

Kofin furar Baba ya tsaya a hanya, bai kai baki ba. Na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a kan darduma. Sai kafaɗa. Da gitar ɗan Jidda da gangunan ɗan Filifin suka faɗo a kan tsohuwar gangar gaba ɗaya, mai waƙar ya ja murya mai tsawo, sai Baba ya ajiye kofi ya miƙe tsaye.

Mutumin da ke kukan gwiwa kullum in zai hau bene. Ya taka, ya juya, shadda ta buɗe. Ya nufi kaskon turare, ya sa yatsu ya ɗauko garwashi ja wur, ya ɗora a tafin hannu, ya juya shi zuwa ɗaya tafin yana murmushi. Na buɗe baki zan yi ihu, Inna da ta dawo ta toshe min shi.

"Bar shi," ta ce a kunnena. "Ya tsimu. Rabon da in ga haka tun ranar bikinmu."

"Inna, wuta ce fa."

"Dundufa ce ake kaɗawa, ke. Kiɗan maƙera. Ubanki ɗan maƙera ne gaba da baya, kin ɗauka waldar a makaranta ya koya? In suka ji wannan ba sa iya zama."

Tana magana tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Na san Baba daga gidan ƙira ya fito, amma a wurina labari ne irin na da, kamar labarin rijiyar gidansu. Ban taɓa zaton abin yana nan kwance a jikinsa ba, shekara da shekaru yana saka hular kwano yana tafiya warsha, wurin waldarsa.

"Ni ne Almu na Damagaram," in ji Baba da wata murya da ban san shi da ita ba. "Wuta ta san ɗan gida."

Shakir kuwa ya daskare a zaune, ido waje. Shi ma bai san abin da ya kunna ba.

Da tsohuwar gangar ta yi shiru, saura bas kaɗai, Baba ya mayar da garwashin kasko, ya kakkaɓe hannu, yana haki. Ya nuna lasifikar.

"Wannan hannun Ɗan'azumi mai dundufa ne. Da shi aka yi wasan naɗin babana a sarautar maƙera, ina yaro. Tun daga Maraɗi aka ɗauko shi. Kai jikansa ne?"

"Ni ne, Baba."

Sai Baba ya sa hannu biyu ya cire hularsa, ya miƙa wa Shakir.

Ni dai daɗi ya kama ni, na fara tsalle a tsaye ba sauti. Inna ta finciko mayafina.

"Ke, wauta ke damun ki? Kyautar makaɗi ce wannan. In ya karɓa ya zama maroƙin gidan nan, kuma kin san maganar ubanki."

Na zaro waya na rubuta wa Shakir: "KADA KA KARƁA." Na manta wayarsa na haɗe da lasifika. Ƙarar shigar saƙo ta cika falon, tin.

"In kuma ya ƙi," Inna ta ci gaba, "ya mayar wa babba hannu a cikin gidansa. Wannan ba ya gyaruwa."

Na rubuta: "KADA KA ƘI." Tin.

Baba ya waiwayo ya kalli labule, labule ya kalle shi. Wayar tana kife a kan darduma, Shakir bai ko taɓa ta ba. Hula tana tsaye a tsakaninsu, ni kuma ina ganin akwatina da filin jirgi da zazzaɓin Damagaram. Tsoro na ji, domin na san duk abin da ya yi a wannan lokacin shi ne zai zauna.

Shakir ya gyara durƙuso. Ya sa hannu biyu a ƙarƙashin hular, bai ja ba, bai kuma ture ba.

"Baba, kakana ya karɓi irin wannan a hannun iyayenku, kuma da alfahari ya karɓa. Ba na jin kunyar abin da ya yi. Amma ni yau ba kiɗa ya kawo ni ba. Makaɗi ake yi wa kyauta, ɗa kuwa aro yake yi a wurin ubansa. In ka yarda, aro zan ɗauka, in dawo maka da ita ranar Juma'a tare da Kawu Laouali."

Inna ta ce a hankali, "Kai, yaron nan da baki yake."

Baba ya tsaya yana kallon sa, kansa a buɗe, sanƙonsa na sheƙi da gumi. Na ga gefen bakinsa yana so ya motsa yana hana shi. Ya saki hular.

"Bakin Ɗan'azumi ne, ba a raba ku da shi." Ya koma ya zauna, gwiwar ta tuna masa da kanta, ya ce wash. "Juma'a bayan la'asar. Ka gaya wa kawun naka ni ban ce na ba ku komai ba, hulata nake jira."

"To, Baba."

"Kuma ɗa ba ya dawo da hular ubansa a hannu kamar ɗan aike. A kanka nake son ganin ta. Ta zauna daram, yadda take zama a nawa." Ya kalli tulin gashin nan sama da ƙasa. "Kada kuma ka buɗa min ita."

Shakir ya taɓa gashinsa. Ya ce to. Suka sha fura, Baba ya tura masa kilishi da hannunsa, ya tambaye shi yadda aka yi ɗan Filifin ya iya bin dundufa. Da zai tafi na raka shi bakin bene, Inna tana tsaye a ƙofa tana gadi. Ya rungume hular a ƙirji.

"Me kika turo min ne har sau biyu?"

"Ba komai. Gaisuwa ce."

"Hannunsa bai ƙone ba?"

"Ko ja bai yi ba. Yalla, tafi kafin ya canza shawara."

Da na dawo falo, Baba ya miƙo min wayarsa ba tare da ya kalle ni ba. "Auta, sa min wannan abin a ciki. Ta ukun kawai. Sauran ba su gama gyara ba." Na sa masa. Har aka kira magariba yana kishingiɗe da lasifika a kan ciki, Inna na yi masa tsiya wai tsoho ya tuna ƙuruciya, shi kuma yana cewa ai ita ta fi kowa sanin abin da ya sa ta yarda da shi. Ban taɓa jin gidanmu da daɗi irin na yammacin nan ba.

Ina naɗe sallaya saƙon Shakir ya shigo. Hoto ne, a gaban madubin ɗakinsa. Hular Baba tana can sama a kan gashin, a karkace, ko goshi ba ta hango ba. A ƙasa ya rubuta: "Na gwada da ruwa, na gwada da mai. Ba ta shiga."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sannan dariyar ta tsaya, don na tuna wasansu na ranar Alhamis, da mutanen da za su cika wurin, da yadda yake taɓa gashin nan in yana tunani. Na tuna kuma Baba ba ya faɗin magana sau biyu.

Ban yi masa wa'azi ba, ban roƙe shi ba. Akwai shagon aski a ƙasan gidanmu, jikin baƙala, inda Baba ke zuwa. Na leƙa ta taga na ɗauki hoton ƙofar, na tura masa.

Ya gani, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Yau Talata, wayar tana gefena a kan kantar tabarau ina rubuto muku wannan, kuma har yanzu Shakir bai ce min komai a kan hoton ba.